Yadda Ake Gane Tsohon Zauren Rawa a New York, Ko da Magina Sun Lulluɓe Shi

Na yi shekaru ina sallar Juma'a a masallacin nan mai koren ƙubba da ke kusurwar titi na 116 da Lenox a Harlem, wato Masjid Malcolm Shabazz, kafin in san cewa asalinsa ba don salla aka gina shi ba. An gina shi a 1905 da sunan Lenox Casino, gidan taro da shagali. Daga baya jama'ar Malcolm X suka mayar da shi wurin ibada, aka cinna masa wuta a 1965 'yan kwanaki bayan kashe Malcolm, sannan a 1969 aka sake masa fasali aka ɗora ƙubbar da muke gani yau. Tun da na ji wannan na kamu da ciwon ɗaga kai. Duk inda na ga tsohon gini an kewaye shi da katako, sai na tsaya na tambayi kaina: wannan kuma mene ne a zamaninsa, kuma gyara ake yi masa ko jana'iza?

Abin ya shafe mu fiye da yadda muke tsammani. Mu 'yan Afirka ta Yamma da ke Harlem da Bronx, a irin waɗannan gine-gine muke kama hayar wurin biki da suna, a cikinsu masallatanmu da yawa suke. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: tsallaka titi ka ɗaga kai

Kada ka ɓata lokaci a kan hawan ƙasa. Shagunan ƙasa suna canza fuska kamar hawainiya, bana kantin magani, baɗi mai sayar da waya. Gaskiyar gini tana sama. Ka tsallaka ɗaya hannun titin, ka ja da baya har sai ka ga rufin.

Masu gina zauren rawa a tsakanin 1880 da 1930 'yan kasuwa ne, ba sa wasa da kuɗin haya. Saboda haka sukan bar ƙasa ga shaguna, su ɗora zauren a bene. Haka Savoy ta kasance, haka Audubon, fitattun zaurukan rawa biyu na birnin. Abin da za ka nema shi ne hawa guda wanda tagoginsa suka fi na sauran tsayi nesa ba kusa ba, sau da yawa masu baka a sama, a jere kamar sahun salla. In ka ga gini mai tsayin bene huɗu amma layin tagoginsa biyu ne kacal, to akwai babban ɗaki mai dogon silin a ciki. Ko an toshe tagogin da bulo, sawunsu ba ya ɓata: sabon bulo da tsoho ba sa zama launi ɗaya.

Sai ka nemi ƙofa. A tsakanin shagunan, ko a can ƙarshe, za ka ga wata ƙofa da ta fi ƙarfin shago, mai faɗi, mai ado a goshi, wadda bayanta matakala ce kawai. A samanta ka duba ƙugiyoyin ƙarfe biyu ko uku a jikin bango. Su ne suka riƙe sarƙoƙin rumfar nan mai fitilu da ake rubuta sunan makaɗan daren. An cire rumfar tun tuni, amma ba kasafai ake damuwa da cire ƙugiyoyin ba.

Adon bango ma yana magana. A fuskar Audubon, a kan Broadway da titi na 165, akwai kawunan wata dabba dangin dila da aka yi da gasasshen yumɓu a tsakanin tagogi. Ba don kyau kawai aka sa su ba. Wanda ya sa aka gina wurin a 1912 shi ne William Fox, mai harkar fina-finai, sunansa kuwa sunan dabbar ne da Turanci. Mutum ya sa hannu a gininsa ke nan. Ka duba can ƙoli kusa da rufi ko akwai shekara ko haruffa, ka duba dutsen kusurwa a ƙasa. In ka ga siffar molo ko algaita ko fuskoki biyu, mai dariya da mai kuka, ka san gidan nishaɗi ne.

Mataki na biyu: zagaya ta gefe da ta baya

Gaba ado ne, baya kuwa babu kwalliya, shi ya sa ba ya ƙarya. Ɗakin rawa ba ya son ginshiƙi a tsakiya. Maginanmu na gida da bakan gizo suke magance wannan, kamar yadda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya. Su kuwa nan da manyan ƙarafa suke ɗaukar rufin daga bango zuwa bango, sai ka ga rufin ya yi doro ko ya yi tozo, bangon gefe kuma yana da kauri a wurare daki-daki inda ƙarafan suka sauka. Ka ƙirga ƙofofin fita. Matakalar gudun gobara ta gidan haya siririya ce, mutum ɗaya-ɗaya. Ta zauren taro mai faɗi ce, kuma daga ƙofa take farawa, ba daga taga ba.

A nan ne za ka raba zauren rawa da 'yan uwansa. Gidan wasan kwaikwayo da silima bangonsu a rufe yake ruf babu taga, kuma gidan wasa yana da wani dogon akwati na bulo a baya wanda ya fi sauran ginin tsayi, inda ake janye labule sama. Wurin ibadar Yahudu ko coci yakan bar alama a goshi ko an kankare. Ni kaina na taɓa cin amanar idona: na rantse wa abokaina cewa wani gini a Bronx zauren rawa ne saboda dogayen tagoginsa, ashe garejin motoci ne tun fil azal. Da na leƙa faɗin ƙofar ƙasa da gangaren da ke bayanta, da ban ji kunya ba. Sai dai ka sani gini ɗaya yakan haɗa biyu. Audubon tana da gidan kallo da zauren rawa a jiki guda.

Mataki na uku: karanta abin da ke jikin shingen

Da farko, koriyar rumfar katakon nan da ke rufe hanyar masu tafiya a ƙasa ba ita ce shaidar gyara ba. Dokar birnin ta tilasta a riƙa duba fuskar duk ginin da ya haura bene shida lokaci-lokaci. Tushenta wata ɗaliba ce da ɓaraguzan gini suka faɗo wa suka kashe a 1979. In masu duba suka ce bango yana da haɗari, dole a kafa rumfa, kuma masu gida da yawa sun gwammace su bar rumfar shekara da shekaru da su kashe kuɗin gyara. Don haka rumfa kaɗai, ba ma'aikaci, ba ƙura, ba motar kwashe shara, alama ce ta mai gida mai maƙo, ba ta aiki ba.

In aiki ne na gaske, za ka ga takardun izini na hukumar gine-gine ta birnin, wadda kowa ke kira DOB, an manna su a inda mai wucewa zai gani. Ɗauki hotonsu da wayarka. Abu uku kake nema: cikakken adireshi, lambar aikin, da nau'in aikin. Nau'in ne zai gaya maka makomar ginin. DM na nufin rushewa. NB na nufin sabon gini daga tushe. A1, ko Alt-CO a sabon tsarinsu, babban sauyi ne da zai canza abin da ake yi a ginin, misali zaure ya koma gidajen haya. A2 gyara ne da ba ya canza amfanin ginin. Manyan ayyuka kuma suna da allo mai ɗauke da zanen yadda wurin zai kasance, da sunan mai shi, da na ɗan kwangila, da lokacin da ake sa ran gamawa. Wannan lokacin gamawar, ka karanta shi ka yi murmushi kawai.

Shingen yana da 'yan tagogi na leƙe da doka ta ce a bari. Leƙa. In ka ga fuskar ginin ce kaɗai a tsaye, an tokare ta da ƙarafa, bayanta sarari, to an riga an ƙwaƙule cikin. Fata aka bari.

Mataki na huɗu: nemo lambar fuloti

Adireshi yana da ruɗani. Ginin kusurwa yakan yi adireshi biyu ko uku, kuma lambobi sun sha canzawa. Abin da ba ya yawan motsi shi ne lambar da hukumar haraji ta ba kowane fuloti: lambar gunduma, lambar bulok (rukunin gine-ginen da tituna suka kewaye), lambar fuloti. Manhattan ita ce 1, Bronx 2, Brooklyn 3, Queens 4, Staten Island 5. Ka sa adireshin a taswirar birnin da ake kira ZoLa, ko a shafin DOB, za su ba ka lambobin kyauta. Rubuta su, domin da su za ka buɗe sauran ƙofofin.

A shafin DOB ka nemi takardar shaidar amfani da gini, wadda suke taƙaitawa CO. Wannan takarda tana jera hawa-hawa, ta ce ga abin da ake yi a kowanne, ga adadin mutanen da aka yarda su shiga. Kada ka tsaya a kan ta ƙarshe, ka koma kan mafi tsufa. Ranar da ka ga tsohuwar takarda ta ce hawa na biyu ɗakin rawa ne mai ɗaukar mutum ɗaruruwa, alhali yau ɗakin ajiye katifu ne, za ka ji daɗin da mafarauci ke ji. Ka tuna hawan da suke kira na farko a Amurka shi ne na ƙasa. Ka kuma sani gine-ginen da aka yi kafin 1938 ba dole ba ne su kasance da wannan takarda, sai in an yi musu babban sauyi daga baya. Rashinta ba ya nufin komai.

Shekarar gini da za ka gani a waɗannan shafuka, riƙe ta da hannu biyu amma kada ka rantse da ita. Yawanci kintace ne, shi ya sa za ka ga gine-gine birjik duk an rubuta musu 1910 ko 1920. In kana son sanin waɗanda suka mallaki wurin, akwai rumbun ACRIS mai takardun ciniki da jingina tun daga 1966, ban da Staten Island.

Mataki na biyar: hoton haraji

Wannan ne matakin da na fi so. Tsakanin 1939 da 1941 hukumar haraji ta aika masu ɗaukar hoto suka bi birnin gida-gida, suka ɗauki kusan kowane gini, hotuna sama da 700,000. A kowane hoto akwai ɗan allo mai lambar bulok da fuloti, wani lokaci har da mutumin da ke riƙe da shi, cikin kwat da malafa. An sake irin wannan aiki da hoto mai launi a tsakanin 1983 da 1988. Duka suna intanet a ma'ajiyar takardun tarihi ta birnin, akwai kuma shafin 1940s.nyc da ya shimfiɗa su a kan taswira, ka danna gini hoton ya fito.

Shekarar 1940 tsakiyar zamanin rawa ce a birnin, don haka in zauren rawa ne, akwai yiwuwar ka ga rumfar ƙofa da sunan wurin ɓaro-ɓaro. Amma kada zumuɗi ya ɗebe ka. Ƙirga tagogi a tsohon hoto, ƙirga na yau. Dubi tsayin ginin idan aka gwada da maƙwabtansa na dama da hagu. Sau da yawa an rushe na asali an gina wani a gurbinsa, sunan ya zauna a bakin mutane, ginin ya tafi. In magina sun rufe fuskar da raga har ba ka iya ƙirgawa, buɗe Google Street View ka koma hotunan shekarun baya. A wurare da dama suna komawa har wajen 2007.

Mataki na shida: taswirar 'yan inshora da tsoffin jaridu

Kamfanonin inshorar gobara suna son sanin abin da suke ɗaukar nauyinsa, sai kamfanin Sanborn ya riƙa zana musu taswirar birane gini-gini. Launin hoda bulo ne, ɗorawa katako, shuɗi dutse. Suna rubuta yawan hawa da abin da ake yi a ciki. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa da yawa a intanet, babban laburaren New York kuma yana da su tare da taswirorin Bromley. A nan za ka sami tsohon sunan wurin.

Da sunan ya shigo hannu, sai jarida. Amma ka san kalmomin zamanin. Casino a wancan lokaci ba gidan caca ba ne, gidan taro da rawa ne, shi ya sa Lenox Casino da Renaissance Casino. Haka Palace, Lyceum, Gardens, duk sunaye ne da ake laƙaba wa irin waɗannan wurare. Ka kuma nemi titi da tsohon sunansa. Malcolm X Boulevard ita ce Lenox Avenue, Adam Clayton Powell Jr. Boulevard ita ce Seventh Avenue, Frederick Douglass Boulevard ita ce Eighth Avenue. In wurin a Harlem yake, jaridun baƙar fata irin su Amsterdam News, wadda aka kafa a 1909, da New York Age sun fi manyan jaridu amfani, domin su ne ke buga tallan rawa da tarukan ƙungiyoyi. Cibiyar Schomburg, laburaren tarihin baƙar fata da ke titi na 135, tana da su, shiga kyauta ne.

Gini ɗaya yakan sha suna. Na titi na 149 a Bronx an buɗe shi a 1913 a matsayin Bronx Opera House, daga baya ya zama gidan rawar mutanen Latin da sunaye daban-daban, sannan coci, yau kuma otal ne. In ka nemi suna ɗaya kawai, rubu'in labarin za ka samu.

Mataki na bakwai: yana da kariya ko ba shi da ita?

Bayan an fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn a 1963, mutane suka yi ca, aka kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, da hukumarta LPC. Gini sai ya kai shekara 30 kafin a duba shi. Hukumar tana da taswira a intanet, kuma duk ginin da ta kare tana da rahoto a kansa, kyauta, mai ɗauke da sunan mai zane da shekara da tarihi. In ka ci sa'a gininka yana ciki, an riga an yi maka rabin aikin. Allunan sunan titi masu launin ƙasa-ƙasa maimakon kore suna nuna kana cikin unguwar da aka kare. Kuma in ana aiki a ginin da aka kare, ya kamata ka ga takardar LPC a manne kusa da ta DOB.

Ga inda gizo ke saƙa: kare waje daban, kare ciki daban. Yawancin kariyar ta fuskar gini ce kawai, alhali zauren rawa cikinsa ne dukiyar. Otal ɗin Waldorf Astoria na 1931 ya rufe a 2017 domin a mayar da wani sashe gidajen sayarwa, a wannan shekarar ta 2017 kuwa hukumar ta sa babban zaurensa na rawa cikin ɗakunan da aka kare, shi ya sa da aka sake buɗewa a 2025 zauren yana nan. Webster Hall, zauren rawa da kiɗa na 1886, a titi na 11 ta gabas, an kare shi a 2008, ya rufe a 2017, ya dawo a 2019 yana aikinsa. Audubon, inda aka harbe Malcolm X ranar 21 ga Fabrairu 1965, sai da aka yi doguwar ja-in-ja da Jami'ar Columbia kafin a bar wani ɓangare na fuskarta da na zauren, aka gina cibiyar binciken kimiyya a sauran. Cibiyar tunawa da Malcolm da matarsa Betty Shabazz tana ciki tun 2005. Renaissance kuwa, a titi na 138, wadda baƙar fata suka gina da kuɗinsu a farkon shekarun 1920, inda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Rens ke wasa a kan daɓen rawa, ba ta sami kariya ba. Ta yi shekaru a kulle, aka rushe ta a 2015. A ganina wannan ce asarar da ta fi ciwo, domin adon tayil ɗin fuskarta daga gine-ginen Arewacin Afirka aka kwaikwayo shi.

Mataki na takwas: tambayi dattawa, amma a ƙarshe

Na sa wannan a baya da gangan. In ka je hannu rabbana, za a cika ka da labari, kowane zaure a ce maka shi ne wanda fitattun makaɗa suka fi so. In ka je da hoton 1940 a wayarka, hira ta canza. Nemi tsofaffin unguwa a shagon aski, a bakin coci ranar Lahadi, ko mai kula da ginin da ke maƙwabtaka. Cikin namu ma akwai waɗanda suka zo tun shekarun 1980. Na taɓa nuna wa wani dattijo ɗan Kumasi hoto bayan sallar La'asar, na ce, "Baba, ka san wurin nan?" Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Kai yaro, ai a nan aka yi sunan 'yata ta fari. Ƙofar ba nan take ba, ta gefe ake hawa." Na koma na duba, ga sawun ƙofar an toshe da bulo. Abin da takarda ba ta rubuta ba ke nan. Shekara da suna kuwa, takarda ta fi baki riƙewa.

Abu biyu na kiyayewa

Kada ka shiga ginin da ake aiki ko wanda aka yasar, ko ka ga ƙofa a buɗe. Laifi ne a doka, kuma ga wanda takardunsa na zama ba su kammala ba, ƙaramin laifi yakan zama babba. Ban da haka, rufin da ya yi shekaru yana yoyo ya riga ya cinye daɓen katako, ga ƙurar asbestos mai lalata huhu da tsohon fenti mai gubar darma. In kana son ganin ciki, ka tambayi shugaban ma'aikata a bakin ƙofa, ko ka jira ƙarshen makon Open House New York da ake yi a watan Oktoba, lokacin da ake buɗe gine-gine da yawa ga jama'a.

In kuwa haya za ku kama don biki, ka nemi ganin takardar izinin tara jama'a. Duk ɗakin da mutum 75 ko fiye za su taru dole ya kasance da ita, a rataye a bango, da adadin mutanen da aka yarda. Ka taka da ƙafarka zuwa kowace ƙofar fita ka tura ta. A 1990 mutum 87 suka mutu a gobarar gidan rawa na Happy Land a Bronx, wurin da hukuma ta riga ta ba da umarnin rufewa, kuma ba shi da hanyoyin fita na kirki.

Wani lokaci za ka bi duk matakan nan ka tarar babu ginin da za a gane. Savoy, wadda aka buɗe a 1926 a kan Lenox tsakanin titi na 140 da 141, mai daɓen da aka ce sai an sabunta shi duk shekara uku saboda ƙafafun masu rawa, ta rufe a 1958 aka rushe ta aka gina gidaje. Abin da ya rage shi ne allon tunawa da aka kafa a 2002 a gefen titi. Saboda haka duk ginin da ka fara bincike a kansa, ka ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe da ta baya tun ranar farko, da takardun shingen, ka rubuta kwanan wata a ƙasa.